Tutar Shehu da Saɓanin Maƙwabta a Arewacin Ƙasar Kano

1. Gabatarwa

Kusan duk yaron da ya yi makaranta a Arewa ya ji an ce Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya ba da tutoci, galibi a kan ƙirga goma sha huɗu. A littattafan makaranta a kan jera masu tutocin kamar lissafi: Umarun Dallaji a Katsina, Sulaimanu a Kano, Malam Isiyaku a Daura, Malam Musa a Zazzau, Yakubu a Bauci, Buba Yero a Gwambe, Modibbo Adama a Adamawa, da sauransu. Jerin nan yana da sauƙin hadda, amma ya kan sa yaro ya zaci tuta abu ne mai ma'ana guda, wadda kowa ya yarda da ita tun ranar da aka ɗaga ta. Tarihi kuwa bai nuna haka ba.

Nufin wannan takarda shi ne a duba yadda maƙwabta suka saɓa a kan ma'anar tutar jihadi a yanki guda, watau ƙasar noman da ke arewa da birnin Kano, daga Fanisau zuwa Dawakin Tofa da Ɗambatta, har iyakar Kazaure. A nan ne aka yi shekara biyar ana yaƙi tsakanin mutane biyu waɗanda kowannensu ke cewa tutar Shehu ce hujjarsa. A nan ne kuma, bayan shekara ɗari da talatin, gardamar ta sake tashi da sabuwar siffa, sa'ad da tutocin jam'iyyu suka shiga ƙauyuka.

2. Ƙasar da zamanta

Masu nazarin ƙasa sun daɗe da lura cewa karkarar da ke kewaye da Kano tana cikin wuraren da manoma suka fi cunkushewa a Afirka ta Yamma. M. J. Mortimore da J. Wilson sun buga bincike a kanta a Jami'ar Ahmadu Bello a shekarar 1965. A wannan yanki da wuya a bar gona ta huta. Kowace shekara sai an nome ta, ana ciyar da ita da takin gida da wanda jakuna ke kwasowa daga birni. Gona tana haɗe da gona, ba abin da ke raba su sai layin gamba ko na lalle. Gidaje kuma a warwatse su ke cikin gonakin, kowane gida yana hangen na kusa da shi.

Wannan yana da nasaba da zancen tuta ta fuska biyu. Ta farko, inda ƙasa ta yi ƙunci, tambayar wa ke da ikon raba gona, wa ke karɓar haraji, ba ta taɓa zama ƙaramar tambaya, amsarta kuwa tun 1807 tana komawa ne ga waɗanda suka yi nasara a ƙarƙashin tuta. Ta biyu, mutumin da bai ji daɗin maƙwabcinsa ba, ba shi da dajin da zai koma ya sari sabuwar gona. Dole jikan wanda ya ci da jikan wanda aka ci su sha rijiya guda, su ci kasuwa guda.

3. Kalmar tuta da fi'ilan da ke binta

Tuta ƙyalle ce a bisa sanda. Ba ta faɗin kome da kanta, sai abin da mutane suka ɗora mata. Saboda haka mai nazarin harshe ya fi samun haske idan ya bar sunan ya dubi fi'ilan da Hausawa ke haɗa shi da su. A kan ce an ba wane tuta, a ce ya karɓo tuta, a ce yana riƙe da tuta, a ce ya kafa tuta, a kuma ce ya ciri tuta. Kowanne da abin da ya ke nufi.

Idan an ce an ba shi, hankali yana kan mai bayarwa, watau iko daga sama ya sauko, mai karɓa wakili ne kurum. Idan an ce ya karɓo, hankali ya koma kan wanda ya yi tafiyar. Wannan siffa mai ƙarewa da wasalin o, wadda F. W. Parsons ya sa a aji na shida cikin rabon fi'ilan Hausa da ya buga a 1960, tana nuna an yi aikin a can an taho da amfaninsa nan. Garin da ke cewa kakansu ya karɓo tuta yana nufin shi da kansa ya isa gaban Shehu, ba wanda ya tsaya tsakaninsu. Riƙe tuta amana ce, ana iya riƙe wa wani. Kafa tuta kuwa da'awa ce a kan wuri. Amma cirar tuta ta riga ta bar filin daga ta shiga maganar yau da kullum, har a kan ce yaro ya ciri tuta a jarrabawa, watau ya fi kowa.

Su malaman jihadi ba su ƙago al'adar ba, daga tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka ɗauko ta. Sun san an ba Sayyidina Aliyu tuta a Haibara. Sun san a yaƙin Mu'uta Zaidu ɗan Harisa ya riƙe ta har ya faɗi, Ja'afaru ya ɗauka har ya faɗi, Abdullahi ɗan Rawaha ya ɗauka har ya faɗi, sa'an nan Halidu ɗan Walidu ya karɓa. A cikin waɗannan labarai tuta izinin jagorancin runduna ce a yaƙi guda. Ba ta ba mai riƙe da ita ƙasa, ba a kuma gadonta. To, yadda izinin yaƙi ya rikiɗa ya zama hujjar mallakar ƙasa da sarautar gado, shi ne tushen dukan saɓanin da za a ambata.

4. Tutar Kano da mutum uku

Shehu ya yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, aka ci Gobirawa a Tabkin Kwatto a watan Yuni. Jama'ar Shehu ta ƙasar Kano su ma suka yi tasu hijirar zuwa Kwazazzabo, suka ja daga da Sarkin Kano Muhammadu Alwali. Shugabanninsu da yawa ne, kowa da danginsa: Malam Jamo na Sulluɓawa, Malam Bakatsine na Joɓawa, Malam Jibir na Yolawa, Malam Dabo na Dambazawa, Malam Ɗanzabuwa na Danejawa, da Malam Usman Bahaushe. A Ɗanyaya, arewa da birni, aka karya ƙarfin Alwali. Ya fita ya bar Kano, daga baya aka kashe shi a Burumburum a 1807.

Littafin makaranta ya ce Sulaimanu ne mai tutar Kano. Ruwayoyin Kano kuwa sun fi haka tsawo. Sun ce Malam Ɗanzabuwa aka aika wurin Shehu, shi ya karɓo tutar. Malam Jamo aka danƙa wa, shi ya riƙe ta a yaƙi. Sulaimanu, limami daga Munduɓawa, shi aka naɗa Sarki, ya yi mulki har 1819. Ashe a Kano wanda ya karɓo dabam, wanda ya riƙe dabam, wanda ya hau gado dabam. Alamar wannan rabo ta wanzu cikin sarautun Kano, gama gidan Malam Jamo ne ke da sarautar Sarkin Dawaki Mai Tuta, ɗaya daga cikin masu zaɓen Sarki huɗu, tare da Madaki na Yolawa, da Makama na Joɓawa, da Sarkin Bai na Dambazawa.

Abin lura a nan shi ne, tun farko Kano ta ɗauki tutarta a kan ta jama'a ce gaba ɗaya. Tuta guda ce ga ƙasa guda, shugabanni da yawa a ƙarƙashinta. Wanda duk ya zauna cikin iyakar ƙasar Kano, a ganinsu, yana ƙarƙashin tutar nan, kome girmansa.

Tun ba a gama yaƙin ba ma aka fara tambayar me aka ɗaga tutar dominsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu, ya bar rundunar jama'a saboda ɓacin rai da ya ga son duniya ya shige ta, ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Da ya iso Kano mutane suka tsai da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, littafin da ke bayyana yadda shari'a ta ce a yi mulki. Shehu Laminu na Barno kuma, cikin wasiƙun da Muhammadu Bello ya kawo a Infaƙul Maisuri, ya tuhumi hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi. Saɓani a kan tuta ya girmi Turawa, ya girmi 'yan siyasa.

5. Ɗantunku da Dabo

A arewacin ƙasar Kano akwai wani shugaban Fulani daga Yarimawa, Ibrahim Ɗantunku, wanda ƙarfinsa ya kafu a wajen Ɗambatta. Abin da tarihin Kazaure ya riƙe shi ne, Ɗantunku ya hana rundunonin Katsina da Daura haɗuwa da ta Alwali, saboda haka Shehu ya ba shi tuta tasa ta kansa. Muddar Sulaimanu na raye ba a yi faɗa ba. Sa'ad da ya rasu a 1819 aka naɗa Ibrahim Dabo, Basulluɓe ɗan'uwan Malam Jamo, sai garuruwa da yawa suka ƙi bi, Ɗantunku yana cikin manyansu.

A nan fassara biyu suka yi karo. Ga Kano, Ɗantunku mutumin ƙasar Kano ne da ya zauna lafiya ƙarƙashin Sarki na farko, ƙin bin na biyu kuwa ba shi da suna sai tawaye. Ga Ɗantunku da mutanensa, wanda ya karɓo tuta daga hannun Shehu tsaran Sarkin Kano ne, mubaya'arsa tana Sakkwato, zaman lafiyar da ya yi da Sulaimanu kuwa zaman 'yan'uwa ne. Ba wanda ya yi musun darajar tutar a cikinsu. Abin da suka saɓa a kai shi ne ko tuta tana bin ƙasa ne, ko tana bin mutumin da aka ba.

Aka yi ta yaƙi kimanin shekara biyar. Mahayan Ɗantunku suna kai hari har kusa da ganuwar birni, Dabo kuma ya ƙarfafa Fanisau ya mai da ita ribaɗi, daga can ya ke fita. Baturen nan Kyaftin Clapperton, da ya iso Kano a watan Janairu na 1824, a sansanin Fanisau ya je ya gai da Sarki, ya kuma ambaci Ɗantunku cikin littafinsa a kan ɗan tawaye, gama daga bakin Kanawa ya ji labarin. Daga bisani Dabo ya ci Ɗambatta, Ɗantunku ya ja arewa zuwa cikin duwatsun Kazaure. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne ya raba gardamar: ya tabbatar wa Ɗantunku 'yancinsa, ƙasarsa ta riƙa bin Sakkwato kai tsaye, Ɗambatta kuwa ta tsaya a hannun Kano. Ɗantunku ya rasu a 1824, ɗansa Dambo ya gaje shi ya zauna a Kazaure.

Hukuncin Bello ya cancanci a tsaya a kansa. Bai ce Kano ta yi kuskure ba, gama ya bar mata abin da ta ci. Bai kuma ce tutar Ɗantunku banza ce ba, gama da ya faɗi haka da ya raunana hujjar kowane mai tuta, har da ta Kano. Shi kansa tun rasuwar Shehu a 1817 yana fama da masu warware mubaya'a, cikinsu har da Abdussalami, almajirin Shehu na tun farko. Sarkin Musulmin da ke cikin wannan hali ba zai so a ce abin da Shehu ya bayar yana iya mutuwa ba. Sai dai hukuncin ya tabbatar da wani abu sabo, watau tuta ta zama takardar mallakar ƙasa wadda ɗa ke gada daga uba.

Iyakar da aka shata a sa'an nan ta yi tsawon rai. Turawa sun bar Kazaure da Sarkinta cikin Lardin Kano. Da suka fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi, Ɗambatta ta zama mazaunin Sarkin Bai na gidan Dabon Dambazau, Dawakin Tofa ta zama ta Madaki. A 1991 da aka cire Jihar Jigawa daga Kano, Kazaure ta tafi Jigawa, Ɗambatta ta tsaya Kano. Garuruwan biyu suna kan hanya guda, hanyar Daura, suna auratayya suna cin kasuwannin juna, amma mutumin da littafin Kano ya kira ɗan tawaye shi ne wanda Kazaure ke kira kakan sarakunanta.

6. Waɗanda tuta ta bi ta kansu

Kano da Kazaure sun yi gardama ne a kan rabon tuta. Akwai kuwa waɗanda ba su da rabo a cikinta ko kaɗan, suna zaune cikin ƙauyukan nan.

Na farko su ne zuriyar masu sarauta na dā, waɗanda a ke kira Haɓe. Ita kalmar ta Fulatanci ce, jam'in Kaɗo, ma'anarta wanda ba Bafillace ba. Watau sunan da tarihi ya san su da shi, wanda ya ci su ne ya raɗa musu. Ga irin waɗannan gidaje tuta tana tuna ranar da sarauta ta fita daga hannunsu. Ba su kuma rasa inda za su duba su ga ba kowa ya sallama ba. Sarakunan Katsina na dā sun kafu a Maraɗi suna yaƙar masu tuta har ƙarshen ƙarnin. Na Daura sun zauna a Zango, har Turawa suka mayar da Malam Musa gadon kakanninsa a Daura a 1906, suka kawar da gidan Malam Isiyaku mai tuta. Daga Ɗambatta zuwa Daura ba wata tafiya mai nisa ba ce.

Amma fa kada a ɗauka jihadi yaƙin Fulani da Hausawa ne kurum. Yakubun Bauci ba Bafillace ba ne, ga shi kuwa mai tuta. Malam Usman Bahaushe yana cikin shugabannin jama'ar Kano. Akwai kuma Fulanin da suka tsaya tare da sarakunan Haɓe. Abin da ya faru shi ne, bayan nasara manyan sarautu sun taru a hannun 'yan gidaje kaɗan na Fulani, sai mutane suka riƙa karanta farkon al'amarin da idon ƙarshensa.

Na biyu su ne Maguzawa, Hausawan da suka riƙe addinin kakanninsu, waɗanda J. H. Greenberg ya zauna cikinsu a ƙauyukan Kano a 1938 da 1939. Mulkin masu tuta ya bar su a gonakinsu bisa sharaɗin biyan jiziya. Ga Bamaguje tuta ba ta kore shi ba, ba ta kuwa ɗauke shi tsaran maƙwabcinsa Musulmi ba.

Na uku su ne zuriyar bayi. Fanisau, bayan ta gama aikin ribaɗi, ta zama wurin gandayen Sarki da na attajirai, bayi ke noma su, kamar yadda Mohammed Bashir Salau ya nuna cikin littafinsa na 2011. Da yawa daga cikin bayin an kamo su ne a yaƙe-yaƙen da aka yi da sunan jihadi a kudancin daular. Sai a 1901 Turawa suka yi doka cewa duk yaron da aka haifa daga Afrilu na shekarar ɗa ne, sai kuma a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya. Jikokin waɗannan mutane yau Musulmi ne Hausawa, suna girmama Shehu kamar kowa. Duk da haka tutar da ta kawo wa wani gida sarauta, ita ce ta kawo kakan wani gida cikin igiya. Shi wannan bayani ba a cika faɗinsa a fili ba, gama a ƙauye tonon asali babban laifi ne.

7. Tuta a hannun Turawa

Turawa sun ci Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris. A Giginya waɗansu mutane kaɗan suka tsaya kewaye da tutar Sarkin Musulmi suka ƙi gudu har aka kashe su. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi gabas, jama'a masu yawa suka bi shi, har daga ƙasar Kano. Ran 27 ga Yuli aka kashe shi a Burmi tare da ɗaruruwan mabiyansa, tutar ta faɗa hannun Turawa. A 1960, shekarar samun mulkin kai, aka mayar da ita Sakkwato ga Sarkin Musulmi Abubakar na uku.

Wannan ya ƙara wa tuta wata ma'ana, ya kuma ƙara wani saɓani. Ga waɗanda suka bi Attahiru, inda tuta ta tafi can halaccin mulki ya tafi. Ga waɗanda suka zauna suka karɓi naɗi daga hannun Lugga, irin su Sarkin Kano Abbas, zaman da suka yi shi ya tsare wa jama'a addininsu da shari'arsu. Su Turawa kuwa hujjar cin yaƙi suka kafa: Fulani sun ci ƙasa da takobi, su kuma sun ci Fulani, saboda haka iko ya dawo gare su. A wannan fassara ba sauran zancen izini ko gyaran addini, tuta ta zama ganima.

8. Tuta a ƙofar gida

Har zuwa wannan lokaci tuta abar fada ce da filin daga. Talaka ya kan gan ta daga nesa, ba shi da tasa. Siyasar jam'iyyu ce ta kawo ta ƙofar gidansa. An kafa NEPU, Jam'iyyar Neman Sawaba, a Kano ran 8 ga Agusta 1950. Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. Alamar NPC fartanya ce, kirarinta salama. Alamar NEPU tauraro ne, kirarinta sawaba. Buɗe reshe a ƙauye ya kan tafi da kafa tuta a ƙofar gidan shugaban reshen, fi'ilin da aka riga aka ce yana nuna da'awa a kan wuri. Dagaci ya san haka sarai. Tutar tauraro a cikin ƙasarsa tana cewa akwai gidan da ba ya jin tsoronsa. A zamanin da 'yan doka da kotun alƙali da gidan yari duk suna hannun En'e, mai irin wannan gida yana iya gamuwa da tsanani wajen haraji, ko ƙara, ko ɗauri.

Abin da ya dace da wannan bincike shi ne, jam'iyyun biyu duk gadon Shehu su ke da'awa. Shugaban NPC, Sardauna Ahmadu Bello, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello ne, galibin sarakuna da hakimai kuma suna bayansa. A wurinsu gadon Shehu shi ne tsarin da ya bari, da gidajen da aka ba tuta, da biyayya ga shugabanni. Malam Aminu Kano, wanda ya fito daga gidan malamai da alƙalai na Genawa, shi da Malam Sa'adu Zungur sun nemi gadon a cikin littattafan Shehu da na Abdullahi. Babbar hujjarsu tana cikin irin abin da ke Kitabul Farƙi, wanda M. Hiskett ya buga da fassara a 1960. A can an lissafa zaluncin sarakunan Haɓe da sunayensa na Hausa, cikinsu akwai jangali, da kuɗin gari, da gaisuwa, da kamuwa. Manomin Dawakin Tofa na 1955 ba ya bukatar a fassara masa ko ɗaya daga cikinsu, gama yana biyan haraji, maƙwabcinsa Bafillace yana biyan jangali, dukansu kuma sun san gaisuwa. 'Yan sawaba suka ce, in don kawar da waɗannan aka ɗaga tuta, to, wanda ke karɓarsu yau ya saki tutar ko da tana cikin ɗakinsa.

Gardamar Dabo da Ɗantunku ta tsaya ne a kan ko tuta tana bin ƙasa ko tana bin mutum. Ta wannan zamani ta ƙaro ta uku, cewa tuta tana bin alkawarin da aka ɗaga ta a kansa. A zaɓen tarayya na 1959 NPC ta cinye mafi yawan kujerun karkarar Kano, Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas. Soja suka soke jam'iyyu a 1966, tutocin suka sauka. Amma gardamar ba ta mutu ba. A 1979 PRP, magajiyar NEPU mai alamar mabuɗi, ta ci Jihar Kano, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a shekarar.

9. Misali daga Amurka

Kwatanci da wata ƙasa yana taimako in an san iyakarsa. A Amurka jihohin kudu goma sha ɗaya sun ɓalle, aka yi yaƙin basasa daga 1861 zuwa 1865, tushen rigimar kuwa bauta ce. An ci su, amma tutar yaƙinsu ta wanzu. Waɗansu fararen kudu suna kafa ta a ƙofar gida suna cewa tunawa da kakanni ce kurum, maƙwabtansu baƙaƙe kuwa suna ganin tutar waɗanda suka yi yaƙi don kakanninsu su dawwama bayi. Sai bayan da wani ya kashe baƙaƙe tara a cikin coci a 2015 aka sauke ta daga harabar majalisar Karolina ta Kudu, Misisipi kuma ta cire ta daga tutar jiharta a 2020.

Bambancin a fili ya ke. Waccan tutar waɗanda aka ci ce, wannan ta waɗanda suka ci. Waccan ana gardamar ko a ɗaga ta ko a sauke, wannan kuwa kusan kowa yana girmama ta, gardamar ita ce wa ya cancanci ya jingina da ita. Inda suka yi kama shi ne, a ko'ina mai kafa tuta ya kan ce shi ke da ikon faɗin ma'anarta, alhali wanda ke wucewa ta ƙofar kullum shi ma yana da abin da ya gada game da ita.

10. Abin da ya shafi malamai

Malamin da ke koyar da wannan babi a Ɗambatta ko Bichi ko Kazaure ya sani cewa a cikin ajinsa akwai jikan hakimi, da jikan wanda aka karɓe wa sarauta, da jikan Bamaguje, da jikan wanda aka kawo gandu, da jikan wanda aka ɗaure saboda tutar tauraro. In ya ba su jerin goma sha huɗu kaɗai, ya koyar da tarihin gida guda. In kuma ya ce jihadi ƙwacen mulki ne kurum, ya zubar da littattafan Shehu da Abdullahi da Bello, waɗanda su ne ma'aunin da talakawa suka riƙa auna sarakuna da shi.

Abin da ya fi amfani shi ne a koya wa ɗalibai su rarrabe tambayoyi. Wa ya bayar, wa ya karɓo, wa ya riƙe, wa ya gada, a kan wa aka ɗaga ta. A nuna musu kalmomin da ke ɗauke da hukunci a ɓoye, irin su tawaye da Haɓe, su riƙa tambayar bakin wa suka fito. Ɗaliban kwalejin horon malamai kuma suna iya yin aikin da zai amfani masu bincike: a lokacin hutu waɗansu su zauna da dattawan Ɗambatta, waɗansu da na Kazaure, su roƙi labarin Ɗantunku, su rubuta shi da kalmomin mai ba da shi ba tare da gyara ba, ba tare da tambayar kowa asalinsa ba. In an dawo sai a ajiye rubuce-rubucen gefe da gefe, a ja layi ƙarƙashin kowane fi'ili da ya zo tare da kalmar tuta.